Fuskar Kawu Habu

Shekaru ke nan da dawowata daga Jos, amma har yau da wuya a yi zaman shayi a ƙofar gidan rediyonmu wani bai ce, "Lawali, wai da gaske ne a can ana sa rigar sanyi a watan Agusta?" ko kuwa, "Ba mu labarin hoton nan." Na ba da labarin har ya fara sauya kama a bakin mutane. Wani ya ce a kogi na faɗa da kyamarar, wani ya ce a kan iyaka aka ƙwace ta. Aikina karanta labarai ne, kuma abin da aka fara koya mana shi ne kada a bar magana tana yawo ba gyara. Saboda haka ga yadda aka yi. Mutum biyun da abin ya fi shafa, mahaifiyata da ƙanenta, duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Wannan ma wani dalili ne na rubutawa.

Kawu Habu ya bar Maraɗi yana saurayi, zamanin da ake tafiya Jos haƙar kuza. Aikin kuza ya mutu, bai dawo ba. Ya koma sayar da katako, ya yi aure, ya tara iyali. Rabonsa da gida tun ina goye. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma korarsa aka yi ba. Kowace shekara saƙonsa na zuwa ta bakin fatake cewa yana nan tafe bayan damina. In damina ta wuce, sai a ce bayan salla.

A shekarar da nake magana, wayar salula ta fara shiga hannun mutane, amma hoto har lokacin na fim ne, sai an kai an wanke. Idon Inna kuma ya fara yana. In mutum ya tsaya kusa da ita cikin rana tana gane shi, a ɗaki kuwa sai dai ta murya. Da katin ɗaurin auren Nasiru, babban ɗan Kawu, ya iso, kowa ya san ƙafarta ba za ta kai ta Jos ba. Ta sa aka kira ni.

"Kai da kake yawo da akwatin nan a wuya kamar laya, yau ga ranarsa," in ji ta. "Ka je ka ɗauko mini Habu. Ban son na ɗaki, da wutar nan mai walƙiya da ke mai da mutum kamar an razana shi. A waje, cikin rana, fuskarsa ta cika takardar. Ina so in ga abin da ya rage na ƙanena kafin idon ya rufe."

Kyamarar tawa tsohuwa ce, na saye ta hannu na biyu, ina ɗaukar suna da biki da ita a unguwa. Irin wadda tagar leƙawa daban take, gilashin da ke ɗaukar hoton daban. A wajenmu abokan gabarta biyu ne, rana da rairayi, shi ya sa na saba da zarar na ɗauki hoto sai in cusa ta cikin riga, a ƙirji. Hannuna na yin haka ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Na tashi da safe a ƙaramar motar haya, da jakar tufafi da kwalin tsarabar Inna: kilishi, cuku da dakakken yaji. A Ɗan Isa jandarmomi suka duba takardu ba wata magana. Da muka tsallaka Najeriya, a ɓangaren Jibiya ne wani jami'i mai ƙiba da fara'a ya buɗe kwalin, ya ɗaga cuku ɗaya yana juya shi.

"Wannan fa? Takalmi ne ko abinci?"

Na ce nono ne aka busar. Ya gutsura, ya tauna, ya yi shiru irin na mai yanke hukunci, sannan ya ce ya yarda abinci ne amma ba na masu haƙoran roba ba. Da ya ga kyamarar ya tambayi aikina, na ce gidan rediyo.

"Rediyo da kyamara? To wa kake nuna wa?"

Duk motar aka yi dariya. Ya gyara hularsa ya ce in ɗauke shi, na ɗauke shi, muka wuce. Wannan hoton ya fito tas, har yau yana wajena, ban san sunan mai shi ba.

Katsina wucewa kawai muka yi. A Kano na kwana wajen wani abokin aiki, da safe ya kai ni tashar Jos. Kusa da ni a motar wata dattijuwa ce mai fataucin dankalin Turawa, ana kiranta Mama Talatu. Tun kafin mu bar gari ta dubi 'yar shadda mara nauyi da ke jikina, daga wuya har ƙasa.

"Ɗana, Jos za ka da wannan, ko rantsuwa ka yi?"

Na ce mata mu ma muna da sanyi a ƙasarmu. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Muka ratsa dajin Falgore da ake tsoro saboda 'yan fashi, direba na ta danna mai. A Saminaka aka tsaya salla da cin abinci, na ci masara gasasshiya, har lokacin ina jin kaina namiji. Bayan nan ne hanya ta fara hawa. Iska ta sauya ɗanɗano, kamar an buɗe randa. Kafin Jengre na rufe gilashin taga, bayan Jengre haƙorana suka fara magana da junansu. Mama Talatu ta ji su. Ta buɗe jakarta ta zaro zane mai manyan furanni ja da rawaya ta miƙo mini tana kallon gaba. Haka mai karanta labaran ƙarfe takwas ya shiga Jos, lulluɓe da zanen mace. Da muka sauka na miƙa mata, ta ce in riƙe, in na sami rigar mutane in ba wa mabukaci.

Ba ni da kwatancen gida, sai na kasuwa. A kasuwar Katako na yi ta tambayar Malam Habu mutumin Maraɗi, ana girgiza kai. Ƙarar injin yanka katako ba ta bari ma a ji ka sosai. Sai wani tsoho da ke auna allo ya ɗago ya ce, "Ko Baba Faransa kake nufi?" Ashe shekara da shekaru sunan da ake kiransa da shi ke nan, don a wajensu duk wanda ya fito daga Nijar ɗan Faransa ne.

Na same shi zaune a kan tarin katako, da hular sanyi har kunne. Siriri ne, fari a gemu, da irin dogon wuyan gidanmu. Na yi sallama na durƙusa. Bai jira na faɗi sunana ba.

"Ɗan Yaya Dije ne. Goshin nan ya isa shaida. Amma zanen fa, na gado ne?"

Ya zaunar da ni, ya aika aka kawo shayi mai madara da yawa. Sai ya shiga tambaya. Ina wane? Ya rasu. Wance fa? Ta rasu. Liman na masallacin ƙofar gida? Jikansa ne ke jan salla. Bayan suna biyar ko shida ya daina tambayar mutane, ya koma tambayar itatuwa da rijiyoyi.

Gidansa a Tudun Wada yake, kan gangare, tsakanin manyan duwatsu da aka yi gini a jikinsu kamar maƙwabta. Gidan ya cika da 'yan biki, don haka aka ce masaukina gidan da ke jingine da nasu, wajen Baba Pam, abokinsa tun zamanin kuza. Ban taɓa kwana a gidan Kirista ba, kuma ina jin fuskata ta nuna. Baba Pam, gajere mai faɗin kafaɗa da dariya kamar ganga, ya kama hannuna ya ce, "Kada ka damu, ɗan Habu ɗana ne. Matana ya riga ya gyara maka ɗaki."

Ni da ake biya don in raba "ya" da "ta", na haɗiye gyarana. Kafin in bar garin kunnena ya daina jin abin a matsayin kuskure. Hausar Jos haka take, kowa ya kawo nasa ya zuba, har Kawu da aka haifa a unguwar Bagalam ta Maraɗi yana ce wa direba oga, in ya taka ka ya ce sori.

A ɗakin na tarar da sabuwar tabarma a shimfiɗe, kanta na kallon alƙibla daidai. Mama Ladi, matar Baba Pam, ta ajiye mini buta da ruwan ɗumi a bakin ƙofa kafin kowace salla, ba tare da na roƙa ba. A wajenmu ana sanyaya wa baƙo ruwa don a girmama shi, a can ɗumama masa ake yi. Ta ba ni bargo biyu da tsohuwar rigar sanyin mijinta, mai kauri kamar buhu. Abincin farko gwate ne, acca da ganye da gauta da yakuwa a tukunya ɗaya, ba kunu ba, ba tuwo ba, ba miya ba, ana sha da cokali yana tururi. Cokalin farko na yi ta neman inda zan ajiye shi a cikin abincin da na sani. Kwano na biyu ni na roƙa. Da safe kuwa dankali ne soyayye da ƙwai, abin da a gida sai babban baƙo, a can yara ke ci su bar saura.

Na isar wa Kawu saƙon Inna a gaban Baba Pam, kuma na yi dabara da na yi hakan. Kawu ya ɓata rai.

"Hoto na yara ne. Ka gaya mata ina lafiya, ina nan tafe."

"Habu, ka ji kunya," in ji Baba Pam. "Yayanka ya aiko yaro tun daga Faransa, za ka ce hoto na yara ne? Ranar Asabar ai za ka sa babban riga. In an hau dutse sai a ɗauke ka."

Kawu ya yi gunaguni, ya ce to, sau ɗaya, kuma kada a ce masa ya yi murmushi.

Sai na tambayi wane dutse. Nan aka bayyana mini al'adar da ta fi ba ni mamaki a tafiyar. A wajenmu amarya a lulluɓe take, ko 'yan rakiya ba su ganin fuskarta sai a ɗaki. A Jos kuwa, in an ɗaura aure an ci abinci, sai a ɗebi ango da amarya da abokai a kai su bayan gari, su hau kan dutse a ɗauke su hoto, sama a bayansu, gari a ƙarƙashinsu. Kawu ya ce daga bikin coci aka gani. Da farko dattawa sun yi ta faɗa, daga baya suka koma bin motar don a ɗauke su su ma. Baba Pam ya ce auren da ba a hau dutse ba, a Jos ba a gama shi ba.

Asabar ta waye da rana mai kyau, irin wadda Inna ta yi oda. Aka ɗaura aure da hantsi, aka raba goro da alewa, maƙwabta Kirista na tsaye daga gefe suna amsa amin tare da mu. Da a lokacin aka tafi dutse, da wannan labarin bai samu ba. Amma sai aka ci abinci, sai aka jira amarya, Rukayya, wadda ake yi wa kwalliya a unguwar Daɗin Kowa. Baba Pam ya fito ya dubi gabas, ya dubi agogonsa, ya koma ciki ya fito da lema.

Lokacin da motoci biyu suka ɗauko amarya muka nufi bayan gari, rabin sama ya yi baƙi ƙirin. A cikin motarmu aka fara shari'a. Abokan ango suka ce ai an san dalili, amarya ce ta cika cin ƙanzo tana yarinya, shi ya sa ruwa ya biyo ta. Ƙawayenta suka ce ƙarya ne, a dubi kumatun Nasiru a faɗi wanda ya saba da gindin tukunya. Nasiru, mutum mai kunya kamar ubansa, ya ce shi dai bai san komai ba.

A gindin dutsen ɗigon farko ya sauka. Mai hoton da aka ɗauko haya ya leƙa ta taga, ya rungume jakarsa ya ce kyamarar nan ita ce gonarsa, ba zai fita ba. Ban ga laifinsa ba. Aka fara maganar a juya, sai Rukayya ta tattare lesinta da hannu ɗaya ta sauka.

"Tun asuba nake zaune ana zana mini fuska. Ko ƙanƙara ake yi sai na hau. Ina baƙon nan na Nijar? Yaya Lawali, kana da kyamara ko?"

Kamar sama ta ji ta. Muna tsakiyar hawa aka saki ruwa, sannan ƙanƙara, ƙanana kamar wake, suna tsalle a kan dutse. Ban taɓa ganin ta da idona ba sai ranar, sai dai in karanta a labarai cewa ta ɓata amfanin gona. Mama Ladi da ƙawayenta na zumuntar matan coci suka kewaye amarya da lemominsu, muka ruga ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa. Mutum wajen talatin a wurin da bai fi zaure ba: babbar riga a jikin atamfa, liman na unguwa kafaɗa da kafaɗa da Baba Pam, ana dariya ana matse hula. Matan suka ɗauki waƙa don amarya ta daina rawar sanyi, 'yan mata suka karɓa. Na sha tuna wannan rumfar a shekarun da suka biyo baya, lokacin da labaran da nake karantawa daga Jos suka zama wasu iri.

Ni kuwa tun ɗigon farko kyamarata na cikin riga, ƙarƙashin rigar sanyin Baba Pam, manne da ƙirjin da ya yi gumi saboda hawa.

Ruwan ya tsagaita, ya koma yayyafi. Hazo ya taso daga kwari yana ratsa duwatsu, haske ya yi laushi, ba inuwa ko ɗaya a fuskar kowa. Wanda ya san hoto ya san irin wannan hasken ba a samun sa da kuɗi. Na ce a yi sauri. Ango da amarya suka hau, gefen lesinta ya yi jagab, ita ko a jikinta. Na ɗauka, na mayar cikin riga saboda yayyafi, na gyara musu tsayuwa, na zaro, na ɗauka, na mayar. Haka da ƙawaye, haka da abokai, haka da matan lema.

Sai aka zo kan Kawu. Dutsen ya yi santsi, Baba Pam ya riƙe hannunsa, suna hawa suna zagin juna.

"Sake ni, tsohon banza, kai za ka ja ni ƙasa."

"In na sake ka, Faransa za ka faɗa."

Ya tsaya a sama, hannu a gefe, fuska a ɗaure kamar soja. Na matsa kusa, kusa sosai, har fuskar ta cika tagar leƙawa. Baba Pam daga bayana ya ce, "Habu, yayanka ne zai gani, ba alƙali ba." Kawu ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya kasa. Dariyar ta fara daga ido, ta sauko ta buɗe bakin da ke da giɓi ɗaya a gefe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. A wannan lokacin fuskar Inna ce sak, ranar da take cikin jin daɗi. Na danna, na juya fim, na danna, har fim ɗin ya ƙare. Na sauko ina jin na gama aikin da aka aiko ni.

A mota, da na juyo kyamarar zan rufe ta, na ga gilashin gaba fari fat kamar an shafa masa nono. Na goge da bakin riga, ya yi haske. Na tsaya ina kallon sa. Gilashi mai sanyi, in ka kai shi wuri mai ɗumi da laima, raɓa yake yi. Duk lokacin da na mayar da ita ƙirjina, abin da nake yi mata ke nan. Tagar da nake leƙawa kuwa daban take, kuma girata na goge ta, don haka ni ina ganin duniya tas. Dabarar da ta kare kyamarar shekara da shekaru a Maraɗi ita ce ta makantar da ita a Jos.

Na gaya wa Baba Pam. Ya ce, "Sai an wanke tukuna. Kada ka yi kuka kafin mutuwa." Washegari Lahadi, na koyi wani abu kuma: rabin garin a rufe yake, har da gidan wanke hoto. Aka wuni ana ruwa.

Ran Litinin na kai fim ɗin, matar da ke gidan wanke hoton ta miƙo mini ambulan ta ce, "Oga, sori fa." Na buɗe a tsaye. Kowane hoto fari ne, mutane a ciki kamar ana hango su ta labule. Da na kai wa Rukayya nata, ina shirin ba da haƙuri, sai ta yi ihu ta kira ƙawayenta. Wai kamar a fim ɗin Indiya, wai ba amaryar da ta taɓa samun irinsa a Tudun Wada. Ta sa aka faɗaɗa ɗaya aka yi masa firam.

Na Kawu na kai masa kasuwa. Yana rumfarsa da Baba Pam, ko'ina warin jiƙaƙƙen katako. Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ana ganin hular, ana ganin kafaɗun babbar riga. Tsakaninsu, inda fuska ya kamata ta kasance, ba komai sai fari-fari da ɗan duhu wajen ido.

Na yi sauri na ce na sayi sabon fim, da zarar rana ta fito za mu sake.

"In ba ta fito ba fa? Gobe za ka tafi."

"Akwai masu hoto na ɗaki, Kawu."

"Ta ce ba na ɗaki ba."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya nisanta shi, ya kusanto da shi. Sannan ya miƙa wa abokinsa.

"Pam, dubi."

Baba Pam ya duba. A karon farko tun zuwana bai yi dariya ba. Ya ce, "Kamar mutumin da ya riga ya tafi."

"Abin da na gani ke nan," in ji Kawu.

Injin yanka katako na maƙwabcinsa ya tashi, ya yi ƙararsa ya mutu. Kawu ya karɓi hoton ya sa a aljihu. Ya ƙwala wa wani ɗansa kira, ya nuna masa katakon da aka saya ba a ɗauka ba da wanda za a kawo, ya ba shi mabuɗin rumfa. Sannan ya juyo gare ni.

"Motar Kano da wane lokaci take tashi?"

"Habu," in ji Baba Pam, muryarsa ta dawo, "damina fa bai wuce ba."

"Rufe mini baki."

Da safe Mama Ladi ta cika mana buhu da dankali da kabeji, ta ce a kai wa Yaya. Baba Pam ya raka mu tasha, ya riƙe ƙofar motar yana ba direba umarni kamar kayan gilashi ya ɗauko. Na mayar masa da rigar sanyinsa. Ban sake ganinsa ba.

Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, sai dai wannan karon Kawu nake kallo. A Jengre ya cire hular sanyi. A Saminaka ya cire rigar sanyi. A Kano, inda muka kwana, ya ce wannan wace irin azaba ce, mutane na rayuwa a cikin tanda. Daga Katsina ya manna fuska a taga yana kallon gero.

A Ɗan Isa wani jandarma matashi ya nemi takardunsa. Kawu ya miƙa na Najeriya ya ce, "Oga, ai ni ɗan nan ne."

"Baba, ɗan nan ba ya cewa oga. Wace unguwa?"

"Bagalam. Gidan majema, bayan masallaci."

Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya mayar masa da takardar da hannu biyu. Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. An daɗe."

Mun isa gida bayan azahar, rana na nan da ƙarfinta. A zaure Kawu ya tsaya ya dafa bango, ya ce in fara shiga. Na tarar da Inna a inuwar ɗaki tana tsince wake da hannu. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Ina hoton?"

"Inna, hoton bai yi ba. Ruwa aka yi."

"Ruwa." Ta ajiye faifan. "Na aike ka ƙasa guda, abu ɗaya tak, ka dawo ka ce mini ruwa? Shi Habun ya narke ne?"

Daga zaure aka yi sallama.

Ta karkata kai wajen zaure. A hankali ta ce, "Wa ke sallama da muryar mahaifinmu?"

Ya shigo, takalmi a hannu, ya durƙusa a gabanta. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta laluba ta kama wuyan rigarsa, ta ja shi kamar yaron da ya yi laifi har tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ta ɗaga haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe tana dubawa, daga hula zuwa gemu, ta sake komawa.

"Habu, ka tsufa."

"Ke ma, Yaya."

"Ni a gaban mutane na tsufa. Kai ka je ka yi naka a ɓoye."

Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga, wata ta rangaɗa guɗa. Inna ba ta waiwaya ba, ba ta kuma saki rigar ba.